Mutumin da Ya Zama Anti Biba

An yi wani mutum a nan Riyad, a unguwar Malaz, wanda wata ranar Juma'a matarsa ta tsare shi a ƙofar kicin, waya a hannu, idonta jajir.

"Ka ji abin da 'yarka ta yi? Hajiya ta kira daga Zariya tana gaishe ta, ita kuma sai Larabci take zuba mata. Kakarta ce fa."

"Ai da alhamdulillahi a ciki. Hajiya ta gane wannan."

"Baban Nazira, ba wasa nake ba. Shekara goma sha biyar, yarinya ba ta iya gaisuwar kirki da Hausa ba. Kawunta da gemunsa ta ce masa 'kin tashi lafiya'."

"Larabci fa take yi, Azumi. Wasu sai su shekara goma a gaban malam ba su samu rabin nata ba. Ki bar mini yarinya yadda take. Halas, shi ke nan."

"In mun koma gida kai za ka riƙa yi mata tafinta?"

Ya ɗauki makullin mota ya tafi masallaci.

Ya 'yan uwa, wanda ya ji wannan zai ce ga uba mai kishin harshen Alƙur'ani. Ba haka ba ne. Mutumin nan yana da dalilinsa, kuma dalilin yana cikin aljihunsa na hagu.

Ba zan faɗi sunansa ba. Ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne a wani asibiti mai zaman kansa. Shekararsa goma sha bakwai a ƙasar nan, iƙamarsa, wato takardar zaman ƙasa, ba ta taɓa lalacewa ba, sahun farko ba ya wuce shi. In 'yan Najeriya sun taru da salla, shi ake miƙa wa abin magana ya buɗe da addu'a.

Amma yana da waya ta biyu, wadda matarsa ba ta san da ita ba. A cikin wayar nan shi ba namiji ba ne. Sunansa Anti Biba.

Anti Biba marubuciya ce. Littattafan soyayya take rubuta wa 'yan makaranta, irin waɗanda ake saki shafi-shafi a zaurukan waya. Da hutun azahar, abokan aikinsa na shan shayi, shi yana gefe yana danna waya. Kafin a koma aiki ya saki shafi biyu. Kafin la'asar 'yan mata ɗari sun rubuto: Anti ki ƙara, Anti kin kashe mu, Anti wallahi ba za mu iya jira ba.

Wannan yabon shi ne giyarsa. A asibiti ba wanda ya taɓa ce masa sannu. A waya kuwa sarauniya ce.

Da farko labaran ba su da wani aibu. Yaro ya ga yarinya, ya tura iyayensa. Sai ya lura ba a cika yaba irin waɗannan ba. Ranar da yarinyar littafin ta yi wa mahaifiyarta ƙarya ta fita, ranar saƙonni suka ninka. To ya gane abin da kasuwa take so. Daga nan uban da ke cikin littafinsa kullum azzalumi ne, uwa kullum sakarya ce, mai wayo ita ce 'yar shekara sha biyar da ta iya ɓoye sawu.

Bai taɓa tunanin 'ya'yan mutane ba ne? Ya yi. Abin da yake gaya wa kansa shi ne: kowa ya tsare tasa. Tawa dai a tsare take. Ba ta jin Hausa sosai, balle ta karanta. Tsakaninta da abin da nake rubutawa akwai katanga.

Shi ya sa ba ya so a taɓa katangar.

Azumi ba ta sake yi masa maganar ba, amma ba ta haƙura ba. A benensu akwai wata yarinya, Muhibba, wadda ba ta daɗe da zuwa daga Kano ba, kuma tare suke zuwa makarantar hadda da Nazira bayan la'asar. Azumi ta ce mata, "'Yar nan, ki riƙa yi wa ƙawarki Hausa. In kina da abin karantawa ma ki tura mata."

Muhibba ta tura mata abin da take da shi. Me kuke tsammani 'yar shekara sha shida take da shi a waya?

Nazira ta fara da ƙyar, kalma-kalma, tana tambayar Muhibba ma'ana. Abin da uwa ta kasa koya mata a shekara goma sha biyar, son jin ƙarshen labari ya koya mata a wata huɗu. Azumi tana leƙawa ta ga rubutun Hausa ne, sai ta yi murmushi ta ja ƙofa. Ba ta taɓa karɓa ta karanta layi ɗaya ba.

Rannan mutumin ya ji Nazira tana gaida Hajiya a waya, har da "ya ƙarfin jiki". Ya ce, "Ke, a ina kika samo wannan?"

Ta ce, "Wajen Umma."

Ya yarda, domin yana son ya yarda.

A cikin masu rubuto wa Anti Biba a keɓe sai ga wata sabuwa. Ba lamba, ba hoto, sai furen wardi. Hausarta a karye take, tana sa Larabci inda ta rasa kalma. Ya ce a ransa, wata 'yar takari ce a Jidda ko Makka. Har ya ji daɗi: littafinsa ya tsallaka teku.

Ta ce tana son wani yaro, shi ma yana sonta. Sun haɗu a taron salla, tun daga nan sai saƙo kawai. Yana so ya ɗauke ta a mota su zaga, awa biyu kacal. Amma babanta ya sa wa wayarta abin bin sawu, duk inda ta taka yana gani. Anti, me zan yi?

Ya 'yan uwa, ku dubi wannan wuri. Yarinya ta zo tana tambaya. Ba ta riga ta faɗa ba, tana bakin rami ne. Kalma ɗaya ta babba za ta mayar da ita baya.

Shi kuwa dariya ya yi, domin shi ma haka ya sa wa wayar 'yarsa. Ya san yadda uba yake dubawa, ya san lokacin da yake dubawa, ya san abin da ke kwantar masa da hankali. Da ilimin uba ya ba ta amsa.

Ya rubuta: "Ƙanwata, mai so ba ya tsoro. Babanki waya yake bi, ba ke ba. Kina zuwa hadda ko islamiyya? Ki ba wa ƙawarki wayar ta shiga da ita aji. Shi zai ga ɗigon wayar a makaranta, hankalinsa ya kwanta. Kafin magariba kin dawo kin karɓi abarki."

Ta turo masa hoton zuciya. Ya mayar da wayar aljihu, ya sa safar hannu, ya ci gaba da aiki.

Ranar Talata da la'asar ya duba wayarsa kamar kullum. Ga ɗigon Nazira a makarantar hadda, bai motsa ba. Ya ce a fili, "Allah ya yi miki albarka." Har abokin aikinsa ya ce amin.

A daidai lokacin tana cikin mota a hanyar da ta fita arewa zuwa rairayi. Mai tuƙin, Luƙman, ɗan wani injiniya ne da mutumin nan ya sani, sun sha cin abinci a faranti ɗaya. Shekararsa goma sha bakwai, motar yayansa ce, ba shi da lasisi. Sun shagala. Da ya ga rana ta yi ƙasa sai ya taka mota don su riga kiran salla.

Ba su riga shi ba.

Bayan magariba Muhibba ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta miƙa wa Azumi waya. Ga waya, ba yarinya.

Hatsari suka yi. Luƙman nan take ya cika. Nazira an kwashe ta ba ta san inda take ba. Ba waya a jikinta, ba iƙama, ba wata takarda mai suna. Asibitin da aka kai ta suka rubuta a kan gadonta: ba a san ko wace ce ba. Iyayenta ba su same ta ba sai washegari da hantsi. Likita ya ce za ta rayu. Ya ce ƙashin baya ya taɓu. Ya ce kada su sa rai da tafiya.

Kwana biyu Azumi ba ta iya buɗe wayar Nazira ba. A na uku, suna zaune a kan kujerun baranda suna jiran a bar su su shiga, ta buɗe. Ta karanta tun daga farko. Shi yana gefenta, kansa a ƙasa.

Ta ce, "Baban Nazira, wata ce ta koya mata. Mace ce babba. Ka ji abin da ta rubuta wa 'yarka." Ta karanta masa da murya, kalma bayan kalma.

Ya san kowace kalma kafin ta faɗe ta.

Azumi ta ce, "Ba zan zage ta ba. Zan dai gaya mata abin da ta yi." Ta rubuta: Ni ce uwar yarinyar nan. Ta tura.

Wani abu ya yi gunji a aljihunsa na hagu.

Ba ta kula ba. Ta rubuta: Yaron ya mutu. Ta tura.

Aljihun ya sake motsi.

Ta tsaya. Ta dubi wayarsa da ke kan cinyarsa, a kashe. Ta dubi aljihun. Sai ta danna harafi ɗaya tak, ta tura, idonta a kansa.

Ba ta yi ihu ba. Hannu kawai ta miƙa, shi kuma ya ciro ya ba ta.

Daga ranar ba ta sake kiransa Baban Nazira ba. Magana ba ta ɓuya a tsakanin mutanen da ba su da yawa a ƙasar wasu. Kafin sati ya zagayo kowa ya ji. Ya je ta'aziyya gidan injiniyan, aka tare shi a bakin ƙofa aka ce ya koma. A wajen aiki ya fara rikita kwalaben jini, aka ja masa kunne sau biyu, a na uku aka ce ba za a sabunta kwantiraginsa ba.

Azumi ta ce gida za ta tafi da 'yarta. Kun san dokar ƙasar nan: mata da 'ya'ya a ƙarƙashin iƙamar maigida suke, shi zai fitar musu da takardar fita. Da babban yatsan da ya rubuta wa yarinya yadda za ta bar gida, da shi ya danna wa iyalinsa fitar da ba dawowa.

Ya goge Anti Biba. Ya goge zaure, ya goge littattafai, ya karya wayar. Bayan wata guda wani ɗan uwansa a Kaduna ya ce ya ƙwace wani littafi a wayar tasa 'yar, ya turo masa ya ga irin lalacewar zamani. Nasa ne. An kwafe, an rarraba, har wata ta karanta shi da murya don waɗanda ba su iya karatu ba. Yana nan yana yawo yau ɗin nan da nake muku magana.

Ya 'yan uwa, ba so ne laifi ba. Allah ne ya halicci zuciya, kuma yaro in ya tasa sai ya ji abin da ake ji. Ba kuma kowane littafi ne guba ba. Akwai masu rubutu da tsoron Allah. Laifin mutumin nan shi ne ya zuba guba a rijiya, yana taƙama gidansa da famfo. Malamai sun gaya mana wanda ya nuna hanyar ɓata yana da rabo a zunubin duk wanda ya bi ta. Sadaka tana gudana bayan mai ita, zunubi ma haka.

Kai mai rubutu, kafin ka tura shafi, ka ɗauka 'yarka ce za ta fara buɗewa. Ke uwa, ganin yarinya ta yi shiru da karatu ba shi ne tarbiyya ba. Karɓi ki karanta. Kai uba mai bin ɗigo a waya, yaushe rabonka da zama ka tambayi 'yarka abin da ke ranta, har ta rasa wanda za ta tambaya sai baƙuwar da ba ta da fuska?

Allah ya tsare hannayenmu daga rubuta abin da zai tsaya mana a gaba ranar hisabi. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye 'ya'yanmu da na wasu.

Ranar tafiyarsu shi ya tura kekenta har bakin inda ake tsayar da masu rakiya. Tun da abin ya faru ba ta yi masa magana ba. Ya durƙusa a gabanta, mutane na wucewa da akwatuna, ya ce, "Nazira, wallahi ban san ke ba ce. Da na san ke ce, da hannuna ya shanye kafin in rubuta."

Ta dube shi. Sannan ta yi magana, da Hausa tsaf, Hausar da ta koya a littafinsa.

"To Baba, da kake rubutawa, 'yar wa ka ɗauka ce?"