Sunan Rekiya a Gefen Atamfa

Akwai wata 'yar kasuwa, Hajiya Ladidi, da ke zuwa Guangzhou daga Kantin Kwari tana sa a buga mata atamfa. Zanen da ke ja mata kasuwa kuwa duk na wata ɗaliba ne, Rekiya, Bakanuwa mai karatu a can. Jama'a, yarinyar nan Allah ya yi mata baiwa! In ta zana ƙwarya, sai ka rantse za ka sha fura a ciki.

Rannan a masana'anta, laoban, wato mai wurin, ya tambayi sunan wa za a buga a gefen atamfar.

Ghali, ƙanin Hajiya, ya yi caraf ya ce, "Naki mana, Yaya. Kika sa nata, wallahi gobe manya sun ɗauke ta, mu koma sayar da abin da kowa ke sayarwa."

Gaskiya ya faɗa, kuma Hajiya ta sani. Ta tsaya tana kallon atamfar na zubowa daga bakin inji, shuɗi da ruwan goro.

"Tabarakallah," ta ce a hankali. "Ghali, ni ko layi miƙaƙƙe ban iya ja ba. A sa nata."

Ai kuwa ba a daɗe ba wani babban kamfani a unguwar Tianhe ya ga sunan, ya bi diddigi, ya ɗauke Rekiya. Yarinyar ta zo sallama tana kuka. Hajiya ta sa mata albarka, ta shiga ɗaki ta yi nata kukan.

Kasuwa ta ja baya sosai. Ghali kuwa ya samu abin faɗa. Kullum sai ya ce, "Sannu Yaya mai adalci, yau ma adalcin za mu ci?"

Ana nan, da Hajiya ta dawo Guangzhou sarin kaya, Rekiya ta kira ta, ta roƙe ta ta zo ofishinsu. Gini ne na gilashi, dogo har kan mutum na juyawa. Hajiya na zaune a ɗakin taro Rekiya ta shigo, sai ga manyan kamfanin, dattawa masu furfura, sun miƙe tsaye gaba ɗaya. Hajiya ta riƙe baki. Yarinyar da ke zane a kan katifar ɗakin ɗalibai!

Ita kuwa Rekiya ta wuce su, ta durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni, Umma. Na gindaya musu sharaɗi, sun yarda. Duk zanena da zai shiga Najeriya, ta shagonki zai bi."

Ta warware sabuwar atamfa a kan tebur. Tsani ne ruwan zinari, tsuntsaye na tashi daga samansa. Can ƙasa, wani hannu mai lalle ya riƙe ƙafar tsanin gam.

"Kowa tsuntsayen yake yabawa," in ji Rekiya. "Umma, dubi ƙasa. Wannan hannun naki ne."

Hajiya ta shafa hannun da yatsa, hawaye na ɗiga a kan mayafinta.

Darasi: Kada tsoron asara ya sa ka binne sunan mai baiwa a ƙarƙashin naka. Ka ɗaga shi ko da zai wuce ka, Allah ba ya manta wanda ya riƙe tsani. Ku tura wa duk wanda ke da masu yi masa aiki.