Mutumin da Ya Yanke Numfashinsa

Akwai wani saurayi da 'yan gidansu ke kira Baƙo. Shekara tara ya yi a waje. Ya yi dako, ya yi gadi, ya yi aikin amsa waya a wani kamfani. Da ya dawo sai ya zama ko inda ake ajiye cokali a gidansu sai ya tambaya. Ƙannensa suka laƙa masa sunan, sunan kuwa ya bi shi.

Wanda ya taɓa daɗewa a waje ya san ciwon. Kana zaune a falonku, amma tafin ƙafarka yana ƙaiƙayin hanya.

Abu ɗaya Baƙo yake taƙama da shi: murya. Mai kauri, mai sanyi, irin wadda ko lambar waya ya karanto sai an juyo.

Ana haka wani kamfani mai naɗar littattafai don masu sauraro ya yi cigiyar mai karatu. Mutum ɗaya suke so. Suka ba da shafi guda, suka ce kowa ya karanta ya turo faifan gwaji na minti biyu, ranar Litinin za a rufe.

Baƙo ya ce wa mahaifiyarsa, "Umma, in na samu aikin nan na zauna. In ban samu ba, ƙarshen wata zan ƙara gaba."

Umma ba ta ɗago daga gugar da take yi ba. Ta ce, "To. Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri." Amma dutsen gugar ya daɗe a wuri ɗaya har rigar ta fara ƙauri.

Ya shiga cikin kabad ɗin kaya da makirufo, ya ja ƙofa, ya karanta shafin a tsakanin riguna, don kada hayaniyar gida ta shiga naɗin. Sannan ya zauna gaban kwamfuta. Murya a fuskar kwamfuta kamar jerin tsaunuka take, kuma tsakanin tsauni da tsauni akwai ɗan ƙaramin tudu. Wannan tudun shi ne numfashi. Baƙo ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana yankewa. Kwana uku yana yi. Da ya gama, ko ɗaya bai bari ba.

To akwai wasu masu aikin murya da ke haɗuwa duk Asabar da rana, a wani ɗan situdiyo bayan shagon buga takardu, suna sauraron faifan juna. Su uku ne jiga-jigan wurin. Akwai Anti, wadda ta yi shekara talatin tana karanta labarai a rediyo kafin ta yi ritaya. Akwai Injiniya, mai situdiyon. Sai Ɗan Talla, wanda bakinsa ba ya hutawa.

Dokarsu ɗaya ce: mai faifai ba ya magana sai kowa ya gama faɗin abin da ya ji.

Ranar Asabar Baƙo ya kai musu faifansa, amma ba gyara ya je nema ba. Tafi ya je karɓa.

Ɗakin ba taga. An lulluɓe bangon da baƙin soso, ƙofar kuma mai nauyi ce, in an rufe ta sai ka ji kamar an toshe maka kunne da auduga. Injiniya ya kashe fanka, ya danna faifan.

Muryar ta fito daga lasifika, santsi kamar gilas. Labarin wani mutum ne da ya dawo gida bayan doguwar tafiya, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya tsaya yana jiran takun da ya sani. Jimla na bin jimla, ba tuntuɓe, ba tsayawa.

Da faifan ya ƙare, ba wanda ya tafa. Sai aka ji mutum uku sun saki numfashi a tare, kamar waɗanda aka tsamo daga ruwa.

Ɗan Talla ya shafa hannunsa. "Mutumina, ka ga tsikar jikina? Wannan in aka sa shi a tallan katifa, ba mai yarda ya kwanta a kai."

Anti ba ta yi dariya ba. Ta dafe ƙirji ta ce, "Ɗana, muryarka kyauta ce daga Allah. Amma minti biyun nan ban shaƙi iska ba. Mai sauraro tare da mai karatu yake numfashi, bai ma san yana yi ba. In ka tsaya ya tsaya, in ka ja ya ja. Kai ba ka ja ba, ni ma na kasa."

Injiniya ya leƙa kwamfuta ya ce, "Malam Baƙo, ina ka kai numfashinka?"

Nan fa Baƙo ya karya doka. "Na share shi mana. Datti ne. A inda na fito haka ake aiki, tsaf-tsaf. Ku kun saba da rediyon da ake jin mai labarai yana haɗiyar yawu."

"Kai!" in ji Ɗan Talla. "Anti, da ke yake."

"Na ji," in ji Anti. "Ƙyale shi. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba."

Baƙo ya zare faifansa ya fita, ko sallama babu.

Da yamma ya tarar da Umma a tsakar gida tana ninke kaya. Ya ce a ransa, ga wadda za ta yaba. Bai gaya mata ko wane ne ba, ya ajiye waya kusa da ita ya danna.

Hannunta ya tsaya a kan zanen da take ninkewa. Ta saurara, ta saurara, sai ta ja baya kaɗan daga wayar.

"Kashe abin nan, Baƙo."

"Me ya faru, Umma?"

"Wannan bawan Allah yana raye kuwa?"

Ya yi dariyar yaƙe. "Umma, ni ne fa."

Ta dube shi, ta dubi wayar, ta sake dubansa. "Muryar taka ce. Amma ba ka ciki. Kamar an rataye rigarka tana tafiya ita kaɗai. Kada ka ƙara kunna min shi a gidan nan."

Amma girman kai ya fi ƙarfinsa. Ya ce su duka tsofaffin kunne gare su. Ranar Lahadi ya tura faifan yadda yake.

Litinin da safe amsa ta zo, layi ɗaya: "Mun gode, amma ba ma karɓar muryar na'ura."

Ya kira lambar kamfanin. Wata mata ta ɗauka, ita ce mai tantance faifan.

"Hajiya, wallahi ni ne. Mutum ne ni. Ga ni ina magana da ke."

"Malam, haka kowa ke cewa. Faifai saba'in na saurara, na san mutum in na ji shi. Wancan ba kowa a ciki." Sannan ta ƙara da cewa, "Ƙarfe huɗu muke rufewa. In da gaske kake, turo wani."

Ya koma cikin kabad. Ya fara karatu, sai ya ga abin da ya yi wa kansa. Kwana ukun da ya yi yana farautar numfashi sun sa yana jin tsoronsa. Duk inda ya kamata ya ja iska sai maƙogwaronsa ya rufe. Ya kai tsakiyar shafi idonsa ya fara ganin duhu. Sau shida yana gwadawa.

Ƙarfe ɗaya ya tsaya a ƙofar situdiyo, kansa a ƙasa.

Injiniya ya buɗe masa. Waya kawai ya ɗauka ya kira sauran biyun. Kafin rabin awa sun iso.

"A'a, ɗan waje ne?" in ji Ɗan Talla. "Wurinmu ka dawo, mu masu haɗiyar yawu?"

"Anti, ki yafe min," in ji Baƙo. "Bakina ya yi kaushi."

"Zauna, lokaci na tafiya," in ji ta.

Injiniya ya ce, "Ainihin naɗin na farko, kafin ka taɓa shi, yana nan?" Baƙo ya miƙa masa. Sai Injiniya ya yi akasin abin da Baƙo ya yi: ya cire maganar duka, ya bar numfashin, ya jera shi a haɗe. Ya rufe ƙofa, ya kashe fanka.

"Saurari abin da ka zubar."

Jama'a, ba kalma ko ɗaya a ciki. Wani ne kawai yake numfashi a cikin ɗakin, kuma ba ɗaya daga cikin su huɗun ba. Yana ja a hankali. Yana saki. Kamar yana tsaye a bayan kujerar Baƙo, dab da ƙeyarsa. Ɗan Talla da kansa ya waiga.

Da farko numfashin a natse yake. Can sai ya fara gajarta. Sai aka zo wani guda ɗaya, dogo, wanda ya hau ya hau, ya karye a tsakiya, ya yi rawa kafin ya sauka.

Anti ta ɗaga hannu. "Tsaya. Wannan a ina yake?"

Injiniya ya duba. "Bayan inda mutumin ya ƙwanƙwasa ƙofa. Kafin a ce takun bai zo ba."

Anti ta juyo. "Ɗana, wa ka dawo ba ka tarar ba?"

Baƙo yana shekara ta shida a waje mahaifinsa ya rasu. A waya aka gaya masa, yana bakin aiki, ya ce "to", ya ɗauki kiran da ke jira. Tun ranar bai yi kuka ba. Ashe kukan yana nan, ya sami 'yar kafa tsakanin jimla biyu ya leƙo, shi kuma ya sa almakashi ya datse shi.

Suka bar shi ya yi mai isarsa. Ba wanda ya ce ya yi haƙuri. Ɗan Talla ne ya miƙa masa ruwa, ya ce a hankali, "Sha, kada ka jiƙa wa Injiniya soso, da tsada yake."

Ƙarfe uku da kwata Anti ta ja kujera ta zauna a gaban makirufo, ta rufe ido. "Ba makirufo za ka karanta wa ba, ni za ka karanta wa. Ka ɗauka ba na gani. In ka ga ƙirjina ya tsaya, ka san ka shaƙe ni."

Ya karanta. Sau biyu tana ɗaga yatsa ya koma baya. Ɗan Talla ya ce yana cinye ƙarshen kalmomi kamar mai gudun kare, ya gyara. A karo na uku, da ya zo wurin ƙofar nan, muryarsa ta ɗan girgiza. Ya kalli Injiniya, yana nufin a yanke.

"Ko da kuɗi," in ji Injiniya. Ya tura shi saura minti tara.

Ranar Laraba da hantsi waya ta yi ƙara. Baƙo yana falo, Umma tana bakin ƙofa ta yi kamar ba saurare take ba.

"Malam, Hajiyar kamfani ce. Ka zo ranar Litinin mu fara, littafi uku ke jiranka."

Ya yi godiya har yana sarƙewa. Za ta kashe ke nan sai ta ce, "Af, tsakani da Allah, in tambaye ka. Wancan na farkon da aka turo da sunanka, wane ne?"

Baƙo ya ja numfashi, ta ji shi sarai ta cikin wayar.

"Wani ne da na zo da shi daga tafiya, Hajiya. Ya koma. Ni ina nan."

Darasi: Mutum ba ya ganin ƙeyarsa, haka kuma ba ya jin muryarsa yadda mutane ke jinta. Abin da kake ɓoyewa don kana ganin aibi ne, wataƙila shi ne shaidar cewa kai mutum ne. In abokan sana'arka suka ce gyara, ka haɗiye girman kai ka saurara, tun kafin duniya ta gaya maka da murya mai zafi. Tura wa wani da ka san yana da baiwa amma ba ya jin gyara, ko Allah zai sa ya ji.