Sunan Ozella a Bangon Faifai

Akwai wata mata a unguwarmu ta kudancin birnin Memphis a Amurka, sunanta Ozella Pettway. 'Yar amshi ce. In kun taɓa jin tsofaffin waƙoƙin baƙaƙen fata na garin nan da ake kira soul, to kun ji muryarta, sai dai ba ku san ita ba ce.

A situdiyon da take aiki, da alli aka ja layi a ƙasa. Mai waƙa tana gaba da makirufonta, 'yan amshi uku suna bayan layi suna raba guda. Shekara goma sha huɗu Ozella ta yi a bayan layin nan, ba ta taɓa ƙorafi ba.

Burinta ɗaya ne tak, ta ga sunanta a bangon faifai ta kai wa mahaifiyarta, Mama Luvenia, mai wanki da guga. Duk sanda aka sa waƙa a rediyo Ozella ta ce, "Mama, ga ni nan," sai tsohuwa ta ajiye dutsen guga ta ce, "Ke kullum ga ki nan, ga ki nan. To ina sunan? Kawo min a rubuce in nuna wa matan coci, sun fara yi min kallon mai ƙarya."

A cocin ne Ozella ta tsinci wata yarinya mai zaƙin murya, Jeraldine Suggs. Ita ta kai ta situdiyo, ta koya mata jan numfashi, har takalmi ta ara mata ranar farko.

A 1968 aka ba Jeraldine waƙar kanta. Komai ya tafi daidai, ban da ƙarshe, inda murya take hawa can sama ta daɗe. Sau shida ana ɗauka, sau shida muryarta tana karyewa. Mai situdiyo ya ce saura gwaji ɗaya, in ba ta yi ba ya ba wata mawaƙiya waƙar.

Jeraldine ta fara hawaye. Ozella ta raɗa mata, "Share fuskarki, ƙanwata. In an zo wurin, buɗe baki kawai. Ina bayanki."

Da aka zo wurin, Ozella ta tsallake layin alli, ta tsaya dab da kafaɗar yarinyar, ta ɗauki muryar ta kai ta inda ake so. Muryoyin biyu suka haɗe, ba mai iya raba su.

Mai situdiyo ya ji daɗi har ya ce wannan karon da sunayen 'yan amshi za a buga bango. Ozella ba ta jira ba, da gudu ta kai wa Mama labari. Mama kuwa kafin Lahadi ta gama sanar da coci kaf.

To, a ƙa'idar wurin, mai waƙa ake ba takardar sunaye ta duba kafin a kai maɗaba'a. Jeraldine ta duba, ta ɗauki biro ta soke sunan Ozella.

"Jeraldine, me na yi miki?"

"Yaya Ozella, ki gane. In aka ga sunanki, duk garin nan za a san wa ya yi ƙarshen nan."

"Ba zan faɗa wa kowa ba. Mama kawai nake so ta gani."

"Haba, don Allah! 'Yar amshi da suna a bango? Sai wani karon."

Ni dai har yau in na tuna wannan "sai wani karon" raina ɓaci yake yi. Faifai ya fito, ya karɓu ko'ina. Mama Luvenia ta sa tabarau ta juya bangon gaba da baya, ba ta ga sunan ba, ta miƙa wa 'yarta. Bayan wata bakwai ta rasu.

Ozella ba ta tona ba. Ta koma bayan layinta. Jeraldine ta tafi manyan birane da sababbin 'yan amshi, kuma duk inda ta rera waƙar, in an zo ƙarshe sai ta miƙa wa jama'a makirufo wai su taya ta. Ana ta yaba mata da son mutane.

Shekara ashirin da shida bayan nan aka zo sake buga faifan. Jeraldine ta manyanta, tafi ya ragu, abin da ta yi wa Ozella ya fara damun ta. Da hannunta ta rubuta sunan Ozella a saman takardar sunaye, ta ɗauko faifan farko da ya fito ta nufo unguwarmu.

Ta tarar da Ozella a baranda da rana, da farantin burodin masara a cinya.

"Yaya Ozella, ni ce. Duba nan."

"Jeraldine? Muryarki ta yi kauri, yarinya. Duba me? Ciwon suga ya cinye idon tun bara waccan."

Ozella ta karɓa, ta yi ta shafa bangon da yatsu. Sumul yake, ba abin da hannu zai ji.

"Karanta min."

Jeraldine ta karanta mata sunan.

"Ya yi daɗi," in ji Ozella. "Mama nake so ta gani." Sannan ta ce, "Zauna ki ci burodi. Ki kuma yi min waƙar, na kwana biyu ban ji ba."

Jeraldine ta fara a hankali. Da ta zo ƙarshe, muryar ta karye kamar yadda ta saba, ba kuma jama'ar da za ta miƙa wa. Sai daga kan kujera tsohuwar murya ta taso, ta ɗauka ta kai ta sama.

Jeraldine ta durƙusa ta kifa kai a gwiwar Ozella tana kuka. Ozella ta dafa kanta ta ce, "Ai na gaya miki ina bayanki."

Darasi: Wanda ya tsaya a bayanka har ka kai, ka ambaci sunansa yau, tun idon da zai gani yana buɗe. Godiyar da ta makara ba ta dawo da wanda aka so ya shaida. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai mai wata Ozella da bai kira ba.