Giginya Uku da Miyar Tasalla

A zamanin da dajin yamma bai san gatari ba, an yi wani maharbi ana ce masa Shekarau. Shi ne ake wa kirari da "Kibiya ɗaya ta isa, na Tasalla, mai kwana inda zaki ya tashi." Tasallar nan yayarsa ce. Kirarin dai nasa ne, amma labarin nata ne.

Fari ne ya kore su daga garinsu, su gida goma sha bakwai. Shekarau ya ja su har wata fadama, suka kafa bukkoki. A gabansu akwai tudu mai baƙar ƙasa, wanda duk manomin da ya gani sai ya haɗiye yawu. Amma tsakaninsu da tudun kwazazzabo ne mai zurfin gaba biyar, bakinsa tsaye kamar garu. Samari kan sauka da igiya su hau ta can, ban da jakuna, ban da tsofaffi. Cikin tsofaffin kuwa har da mahaifiyarsu, Iya Gwamma, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta.

Shekarau ya ɗaga kai ya ga sharar da ambaliyar bara ta rataye a rassa, sama da tsayinsa. Ya san in damina ta sauka, bukkokin nan sun zama na kifi.

Sai ya sare giginya uku dogaye domin a yi kadarko. Taku arba'in ne kacal daga inda suka faɗi zuwa bakin kwazazzabon, amma ɗanyar giginya ba ta san kirari ba. Maza talatin suka ɗaura igiyar rama suka ja, ta tsinke. Suka sa kafaɗa, wani ya karye. Kwana shida gungumen farko bai yi taku uku ba, ga hadari ya fara haɗowa a gabas.

Wasu suka ce a haye, waɗanda ba su iyawa a bar su ga Allah. Ranar kaɗai aka taɓa ganin hawayen Shekarau.

Ya ce, "In za ku haye, ku haye. Inda ruwa ya sami Iya, nan zai same ni."

Tasalla ta ajiye muciya ta zo. "Ƙanena, kun gama gwada ƙarfin? To ku ba mata wuri."

Maza suka yi dariya, irin dariyar wanda dabara ta ƙare masa. Ita ko a jikinta. Ta sa aka tsaga wata giginya ta daban azara-azara, aka shimfiɗa su layi biyu har bakin rami. Sannan ta bi bukkoki tana karɓar karkashi da busasshiyar kuɓewa, duk abin miyar da ya rage wa mutane har kaka.

Wata mata ta riƙe ƙullinta. "Yaya Tasalla, to da me za mu ci tuwo?"

"Gaya za mu ci, amma a kan tudu."

Aka kaɗa miya cikin randuna bakwai, aka kwarara yauƙin bisa azarun. Mutum goma suka sa sanduna ta baya suka ɗaga, gungumen da ya gagari talatin ya sulale kamar tarwaɗa a taɓo. Raina kama ka ga gayya! Samarin da ke ƙetare suka ja kansa da igiya har ya zauna daram. Na biyu ma haka. Na ukun kuwa, tsofaffi sun ce Iya Gwamma ce ta dafa shi ta yi masa magana, ya tafi da kansa. Ni dai yadda na ji na faɗa.

Aka jera itace a kai, aka zuba ƙasa. Jakuna suka wuce da irin shuka, yara suka bi. Shekarau ne na ƙarshe, goye da mahaifiyarsa. Suna tsakiyar kadarko ɗigon farko ya sauka a goshinta, ta yi dariya ta ce, "Yau ka rama mini goyo." Kafin kwana uku fadamar ta zama tafki.

Garin da suka kafa shi ne Tudun Tasalla. An sake kadarkon sau ba adadi, amma har yau, ranar da hadarin farko ya haɗo, mata kan kaɗa karkashi su zuba masa, gari duka ya ci tuwo gaya, har mai gari. In wani namiji ya ɓata fuska, matarsa ba ta faɗa da shi. Tambaya ɗaya take yi masa: "Malam, taku nawa kakanka ya ja giginya?"