Dokar Akuya da Gyare-gyaren Kura

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

A zamanin da dabbobi ke da majalisa, al'adarsu ita ce duk wanda ya kawo ƙudurin doka, ba a taɓa shi sai an gama muhawara. In kuwa aka yi wa ƙudurin gyara, sai a koma farko.

Rannan Kura ta ritsa Akuya a bakin rafi. Akuya ta ce, "Ranki ya daɗe, ina da ƙuduri a majalisa: a hana cin mai ƙaho."

Kura ta haɗiye yawu, ta bi ta har zauren majalisa. Ana shirin ƙuri'a sai ta zabura: "Ina da gyara! Ban da mai gemu!"

Giwa, shugabar majalisa, ta ce, "To, an koma farko. Sai bayan damina."

Bayan damina Kura ta sake miƙewa: "Ban da mai kofato!"

Dila ya raɗa mata, "Ke, yi shiru a kayar da shi, ki ci abarki!"

Ta ce, "In kuma ya wuce fa?"

Haka ta yi ta gyara, Akuya na kiwonta hankali kwance, har haƙoran Kura suka zube kaf. Ranar da dokar ta wuce, Akuya ta zo da jikokinta, ta dire mata ƙwaryar kunu.

"Sannu, Iya. Ko shi ma yana buƙatar gyara?"

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, tatsuniya ta koma daji.