Garin da ke Jikin Dutsen Wata

Dalilin da ya sa tsiron nan da kuke ce wa dutsen wata yake da ganye ɓul-ɓul kamar ƙwan kurciya, jikinsa furu-furu da gari, ku janye hannuwanku daga kaskon tukuna in gaya muku.

A da can ganyensa siriri ne, kore shar. Wata mata, Hansai mai fura, ita ke da shi a wani tsohon kasko kusa da wurin alwala. Daga ɗakin uwarta ta taho da shi, shi kaɗai ya rage mata na marigayiyar. Rannan sai ta ga ganyen yana kumbura, gindin ya yi baƙi ya soma ruɓewa. Nan take zuciyarta ta tafi kan maƙwabciyarta Tasalla, don kullum in ta shigo ɗibar wuta sai ta tsaya ta yabi tsiron, ko tubarkalla ba ta cewa.

Hansai ta fara amsa mata gaisuwa ciki-ciki. Ta rataya wa kaskon laya, a banza. Sai ta ɗebi garin da take barbaɗa wa fura ta baɗe ganyen kaf, ta ce duk hannun da ke mata wannan aika-aika zai bar shaida. Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi kasuwa.

Da la'asar ta dawo ta tarar da shatin yatsu birjik, manya da ƙanana. Tana tsaye tana lissafin wanne ne na Tasalla, sai ga mijinta Malam Barau ya idar da alwala, ya latsa ganyen da babban yatsa, ya juye ragowar ruwan buta a gindin.

"Malam, me kake yi haka?"

"Lada nake nema mana, Hansai. Ragowar ruwan alwala ai ba a zubar da shi a banza."

Ashe uwar mijin haka take yi, ƙannensa ma haka, kowace salla, ga kuma ludayin ruwan da ita Hansai ke zuba masa da safe. Shi kuwa tsiron kunya gare shi irin ta baƙo, ba ya iya cewa ya ƙoshi, sai ya yi ta cusa ruwan a ganye har suka kumbura.

Hansai ta gane Tasalla ba ta da laifi. Ta dama fura ta kai wa Tasalla. Tasalla ta sha, ta goge baki, ta ce, "Yaya Hansai, tun tuni na so in ce miki ruwa ya yi masa yawa, kika ɗaure min fuska."

Su biyu suka canja masa ƙasa da yashi, suka kai shi inda hantsi ke bugu, nesa da butoci. Hansai ta kai hannu za ta kakkaɓe garin, sai tsiron ya ce, "Bar min kayana. Masu sona ne suka kusa kashe ni, gara in riƙa sanin wanda ya taɓa ni."

Shi ya sa har yau ba ya rabuwa da garin nan, kuma bai yarda da kowa ba. Ka taɓa shi, ya tona maka asiri. Ba a ba shi ruwa sai ƙasarsa ta bushe ƙayau. To, wannan ɗan shatin da nake gani a ganyen ƙasa, yatsan wa ke nan a cikinku?