Kofin Ruwan Baba Tsalha

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, sunansa Lawwali. Ba shi ne bawan Allahn da nake so in ba ku labarinsa ba, amma ta ƙofarsa za mu shiga, don haka ku gyara zama. Lawwali ma'aikaci ne a ofishin safiyo, mutumin kirki, sai dai Allah ya jarrabe shi da son mota. Shekara shida yana tari, yana cin garau-garau da rana, har ya sayi wata 'yar ƙaramar mota ja mai ƙofa biyu, irin masu gudun nan da cikinsu ya kusa shafar ƙasa. Ta hannu ce, amma in ka ga yadda yake goge ta da safe sai ka rantse jiya aka ƙera ta.

Da ita yake zuwa aiki kullum. Da ita kuma yake kai mahaifiyarsa, Inna, asibiti kowace safiya kafin ya wuce ofis, domin ta zame a bakin rijiya ta bugu a ƙugu, likita ya ce sai an yi wata uku ana gasa mata wurin ana motsa ƙafar. Ya faɗa musu ƙarara cewa in aka daina zuwa, ƙafar za ta sandare, daga nan sai zaman ɗaki. To ana cikin sati na uku, sai Inna ta aiko ƙanwarsa Uwani ta gaya masa wai ta warke, a bar zuwa asibitin haka nan.

Ku saurara da kyau, nan ne gizo yake saƙar. Lawwali ɗan fari ne. Kun dai san iyayenmu na da da ɗan fari: ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, duk maganar da ta wuce amsa gaisuwa sai ta bi ta bakin Uwani. Shi kuwa da idonsa ya ga ba ta warke ba, sai ta dafa bango take kaiwa bakin murhu. Ya tambayi Uwani ko ma'aikatan asibiti sun yi mata rashin kunya, ta ce a'a. Ko gashin ne yake mata zafi? A'a. Ko ɗawainiyar take tausaya masa? Uwani ta ce ita dai abin da aka ce ta faɗa ke nan. Aka kwana huɗu ba a je ba. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, ya rasa ta inda zai kama.

A daidai wannan lokacin motar ma ta ƙara lalacewa. Da ma tun da ya saye ta takan buga in ta faɗa rami, shi kuwa ya ɗauka haka motar gudu take. Yanzu abin ya kai ko tsakuwa ta taka sai an ji gwaf. Bakaniken unguwa ya danna ta ya saki, ya ce shokozoba sun mutu, wato ƙarafan nan da ke tsakanin taya da jikin mota, su da sifirin, masu shanye dukan hanya kafin ya iso ga mutum. A ganin Lawwali damuwa biyu ce ta haɗe masa, ta Inna daban, ta mota daban. Ya ce bari ya fara da wadda ake samun maganinta a kasuwa.

An ce shawara ɗaukar ɗaki, amma in masu ɗaukar kowa ya ja nasa gefen, ɗakin a ka yake faɗowa. Abokinsa Ghali, wanda bai taɓa mallakar ko keke ba amma ya san sunan kowace mota, ya ce wannan motar gudu ce ba amalanke ba, a sa mata masu tauri irin na 'yan tsere, waɗanda ake murɗawa a ƙara sauke ta ƙasa, ta riƙa shan kwana kamar an liƙe ta da kwalta. Wani dattijo a ofis ya ce haukan banza, garin da rami ya fi kwalta yawa ai ɗaga mota ake yi, a nemo sifirin ɗin a-kori-kura a cusa mata. Wani ya ce masu iska sun fi, wani ya ce masu mai. Wani ya ce na gaba kawai za a canja, wani ya ce wanda ya canja biyu ya bar biyu ya zubar da kuɗinsa. Lawwali ya rubuta duka a takarda, ya karanta, ya sake karantawa, kansa ya ƙara ɗaurewa. Sau uku yana zuwa layin 'yan kayan mota yana komowa hannu rabbana. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. A ƙarshe ya bi maganar Ghali, ba don ya gane ta ba, sai don shi ya fi kowa ɗaga murya.

Masu taurin nan kuwa a duk garin wuri ɗaya ake da su, a shagon wani tsoho da ke ƙarshen layi, Baba Tsalha. To ga bawan Allahn namu.

Shagon nasa ɗan ƙarami ne, kwanon rufinsa duk ya ɓule, in kana ciki kana hango sama ta wurare da yawa. Shekara biyu da suka wuce wani baƙo mai barin gari ya sayar masa da saitin nan guda huɗu, ya zuba rabin jarinsa a kai, tun daga ranar ba wanda ya ko taya. Kowa a layin ya san da su yake sa ran sake rufi, ga damina ta ƙarato. Kuma yana da wata al'ada da 'yan layin ke yi masa dariya a kanta: ba ya sayar wa kowa shokozoba sai an ɗauke shi a motar an bi da shi hanyar da mai ita yake bi kullum, yana riƙe da kofin silba cike da ruwa a kan gwiwarsa.

Lawwali ya yi sallama, ya nuna saitin, ya fito da kuɗi. Tsoho ya ce a mayar aljihu tukuna, ya ɗebo ruwa a randa ya nufi mota. Lawwali ya ce shi fa ya riga ya yanke shawara, kuma sauri yake yi. Baba Tsalha ya ce ai shi ma bai hana ba, a dai zagaya.

Suka fara daga ƙofar gidan Inna, suka bi ta bayan kasuwa inda kwalta ta ƙare, suka haura tudun rage gudu guda biyar da ke gaban makaranta. Tsoho ya riƙe kofinsa a kan gwiwa. Ruwa dai yana tsalle yana sauka a rigarsa. Kafin su kai ƙofar asibiti abin da ya rage a kofin bai fi kurɓi ɗaya ba. Ya ce a tsaya. Sai ya ɗaga kai ya dubi mariƙin nan da ke saman ƙofa, wanda fasinja ke kamawa. Fatarsa ta yage, gefe ɗaya ya tumɓuke daga mazauninsa.

Ya ce, "Ɗana, wa yake zama a nan?"

Lawwali ya ce mahaifiyarsa ce, ya ba shi labarin ƙugun da gashin, har da yadda ta ce ta warke alhali ba ta warke ba.

"Ta taɓa ce maka motar na buga ta?"

"Ko sau ɗaya, Baba."

"Kai ne na fari?"

"Ni ne."

Tsoho ya kaɗa kai ya ce, "To ta faɗa. Ga shi nan ta rubuta da hannunta, kai ne ba ka ɗaga ido ba. Kai kana riƙe da sitiyari, kana hango rami kafin ka faɗa, jikinka ya shirya. Ita sai dai ta ji a ƙashinta. Ta ga yadda kake son motar nan, da wane baki za ta ce tana cutar da ita?"

Jama'a, Lawwali ya ji kunyar da bai taɓa jin irinta ba. Sati uku yana kai ta neman sauƙi, ashe a hanya yake ƙara mata ciwon, tana cije baki tana kallon taga.

Da suka koma shago Baba Tsalha ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashin motar. Ya fito ya ce mai ita na farko ya yanke sifirin ɗin da zarto don ta yi ƙasa ta burge mutane, shi ya kashe shokozobar. Kada ku zaci ruɗewar Lawwali ta ƙare a nan, ƙaruwa ma ta yi. Ya ce to a ba shi masu taurin, tun da an ce murɗa su ake yi, sai a sassauta su yi laushi. Tsoho ya ce ko an kwance su har ƙarshe sun fi ƙarfin ƙugun tsohuwa, don hanya mai santsi aka yi su, kuma ba ta a garin nan. Ya ce to a ɗaga ta da na a-kori-kura. Tsoho ya ce ranar da ya sha kwana da gudu za ta kifa da su. Ya zaro takardarsa ya fara karanto masu iska da masu mai. Baba Tsalha ya karɓi takardar ya ninke ya mayar masa, ya ce abin da take buƙata sifirin ɗinta na asali da ba a taɓa ba, da shokozoba matsakaita, duka huɗun. Gudunta yana nan, kwanarta tana nan, kuma mutum zai sauka da ƙashinsa lafiya.

Lawwali ya ce to a kawo su. A nan ne ya ga tsohon ya ɗaga kai ya dubi rufin shagonsa, ya dubi saitin da ke kan kanta. Sannan ya ce, "Ba ni da su. Je ka shago na uku daga nan, wurin Ɗan'asabe, yana da su masu kyau. Ka kawo in ɗaura maka."

Ku duba fa. Mai saye ya zo da ƙafarsa, shi ya nuna kayan da bakinsa, ba wanda zai ce an cuce shi. Da tsoho ya miƙa masa ya karɓe kuɗinsa, ciniki ne halal a idon duk 'yan layin. Amma ya tura shi shagon maƙwabcinsa, ya tsira da ladan ɗauri kawai.

Aka ɗaura. Aka sake cika kofi aka bi hanyar nan dai, ta bayan kasuwa, ta gaban makaranta. Ruwan ya yi ta rawa, amma abin da ya zuba bai jiƙa ko tafin hannu ba.

Saura Inna. Lawwali bai je ya ce mata ya gano dalilinta ba, wannan ai tona asiri ne. Uwani ya roƙa ta ce an yi wa motar aiki, ana so ta shiga sau ɗaya ta sa albarka. Uwa ba ta ƙin sa wa ɗanta albarka. Da safe aka kama ta ta zauna, hannunta ya tafi kai tsaye ga mariƙin nan ya damƙe. Yana tuƙi yana satar kallonta ta gefen ido. Suka wuce ramukan bayan kasuwa. A tudu na biyu ya ga yatsunta sun sassauta. A na huɗu hannun ya sauko kan cinyarta. Da suka zo ƙofar asibiti ya rage gudu, ita kuwa ba ta ce a wuce ba.

Bayan an gama gashi an mayar da ita gida, yana tsaye a tsakar gida yana jinta ta ce wa Uwani, "Ki gaya wa mai motar nan gobe ya zo da wuri, layin asibitin yana da tsawo."

Ya fita zaure ya share hawaye. Inna ta cika watanninta uku, ta taka ƙafarta har gidan biki.

Na san kuna jira in ce Baba Tsalha ya yi arziki. Ban ji haka ba. Daminar nan da robobi ya tare yoyo, saitin kuma yana kan kanta har na daina jin labarinsa. Sakamakonsa yana wurin Wanda ba ya mantuwa.

Abin da nake so ku tafi da shi gida ke nan. Malamai sun karantar da mu addini nasiha ne, kuma nasiha ita ce ka ba mutum abin da zai amfane shi ko da ba shi ne a kan kantarka ba. Kai mai shago, kai tela, kai mai kemis, wanda ya zo maka a ruɗe amana ce a hannunka, kada ruɗewarsa ta zama ribarka. Ku kuma masu riƙe da sitiyarin gida, kuna jin daɗin tafiyarku, kuna ganin kowa ma haka yake ji. Akwai na kusa da ku da kunya ko ƙauna ta hana su magana. Yau in kun koma, ku ɗaga ido ku duba abin da suke riƙewa. Allah ya ba mu ikon gani tun suna raye, ya sa mu fi ƙarfin son zuciyarmu.